DUNIYAR KIMIYYA: Mu Auna Ƙarfin Kara Tun Iska Ba Ta Auna Mana Ba

Yau hirar tamu a kan kara za ta tsaya, watau karan dawa da na gero da na masara, wanda muke tattakewa a gona, mu hura wuta da shi a gida, ba tare da mun tsaya mun dube shi da idon basira ba.

Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne, a ƙarshen daminar da ta wuce na sami hutu na je ganin gida. Washegarin isata baffana ya ce in raka shi gona. Kwana uku kafin nan an yi ruwa da iska cikin dare, irin ruwan nan na bankwana da kan zo da ƙarfinsa. Da muka isa sai na tarar masararsa, wadda ta yi goyo har ta soma bushewa, ta kwanta wuri-wuri, kai ka ce garken shanu aka kora cikinta. Gara har ta fara hawan goyon da ya taɓa ƙasa. Gonar maƙwabcinsa kuwa, wadda 'yar hanya ce kurum ta raba su, tana nan tsaye ƙyam, in ban da 'yan tsirarun da suka karkace.

Baffa ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya juyo ya ce, "Ɗana, ku da kuka yi boko, gaya mini. Iska ɗaya, ruwa ɗaya, ƙasa ɗaya. Ni ne ma na fi shi zuba taki. Me ya sa tawa ta faɗi, tasa ta tsaya?" Na ce, "Wallahi Baffa, sai in na bincika." To, abin da binciken ya haifar shi ne na kawo muku yau, domin na tabbata ba Baffa kaɗai ke da wannan tambaya ba.

FAƊUWA IRI BIYU CE

Da farko dai ya kamata mai karatu ya sani cewa masana aikin gona sun raba faɗuwar shuka gida biyu. Akwai wadda saiwa ce ke sakin ƙasa, shukar ta kwanta gaba ɗayanta alhali karanta lafiya lau. Wannan ta fi aukuwa sa'ad da ƙasa ta jiƙe sharkaf, kamar lokacin marka. Akwai kuma wadda saiwa tana nan daram, karan ne ke karyewa a ƙasa da goyo ko zangarniya. Wannan ta biyu ta fi zuwa gab da kaka, ita ce kuwa ta fi ciwo, domin manomi ya riga ya gama kashe kuɗinsa da ƙarfinsa, abin da ya rage masa girbi ne kawai. Masana sun ƙiyasta cewa karyewar kara tana cinye tsakanin kashi 5 zuwa kashi 20 cikin 100 na masarar da duniya ke nomawa kowace shekara.

Hanyar da aka saba bi wajen gane irin da ke jure faɗuwa ita ce ƙirga. A shuka iri daban-daban a gonar gwaji, in kaka ta yi a shiga a ƙirga waɗanda suka karye, a rubuta. Aibin wannan hanya a fili yake. Shekarar da ba a yi iska ba, rago da jarumi duk tsaye za a same su. Shekarar da aka yi guguwa kuwa, duk a ƙasa za a same su. Ranar 10 ga Agusta, 2020, wata iska mai tsanani ta ratsa jihar Ayowa ta Amurka, inda aka fi noman masara a ƙasar, ta kwantar da miliyoyin eka a yini guda. Wanda ya je ƙirga bayan irin wannan, ba abin da zai koya game da bambancin iri da iri. Saboda haka ne masana suka ga ya fi kyau su auna karan da kansu, su ba shi lamba kamar yadda ake auna buhu a sikeli, maimakon su zauna jiran iska.

ABIN DA KE RIƘE DA KARA

In ka tsaga karan masara ko na dawa, abu biyu za ka gani: ɓawo mai tauri a waje, da totuwa mai laushi a ciki. Ɓawon nan shi ke ɗauke da mafi yawan nauyi. An gina shi da zaruruwa na wani sinadari da ake kira selulos, sa'an nan wani sinadarin mai suna liginin ya ɗaure su ya ƙarfafa, kamar yadda siminti ke riƙe rodi. Totuwa kuwa, ko da yake ba ta da ƙarfin kirki, aikinta shi ne ta tokare ɓawon daga ciki don kada ya lotsa. Ran da totuwa ta ruɓe ko tsutsa ta cinye ta, ɓawo ya rasa mai tokare shi.

Wannan tsari na tara ƙarfi a gefe a bar tsakiya da sauƙi, an daɗe da lura da hikimarsa. Galiliyo, masanin nan na ƙasar Italiya, ya yi bayani a littafinsa na shekarar 1638 cewa bututu ya fi sanda cikakkiya ƙarfi in nauyinsu da tsawonsu ɗaya ne, ya kuma kafa misali da karan alkama, wanda ke ɗauke da kan da ya fi shi nauyi. Ikon Allah ke nan, abin da injiniyoyi ke bi yau wajen ƙera turakun lantarki da ƙarfen keke, tun fil'azal yana nan cikin gona.

Akwai lissafi biyu da ya kamata mu riƙe. Na farko game da kauri ne. Ƙarfin kara wajen jure lanƙwasa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurinsa, tsalle yake yi. In kauri ya ninka sau 2, ƙarfi kan ninka sau 8, watau 2 sau 2 sau 2, muddin ginin karan iri ɗaya ne. Ashe ke nan kara mai kaurin santimita 2 da rabi ya kusa ninka mai santimita 2 ƙarfi, alhali a ido bambancinsu kaɗan ne. Na biyu game da tsawo ne. Duk wanda ya taɓa ganin makaniki ya zura wa sifana bututu domin ya kwance noti mai taurin kai, ya san cewa tsawon hannu yana ƙara ƙarfin murɗa. Haka iska take yi da shuka. Tana kama ganye da zangarniya a can sama, ta mai da tsawon karan ya zama bututun makaniki, wahalar duka ta taru a gindi. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. To, shi kansa karan ya riga mai kayan shan wahalarta.

HANYOYIN AWO

Hanya ta farko ita ce matsa. A shekarar 1961 wani masanin masara mai suna Marcus Zuber, wanda ya yi aiki a Jami'ar Misuri ta Amurka, shi da abokin aikinsa Grogan, suka bayyana wata dabara: a yanko guntun kara kamar inci 2 daga wajen gindi, a busar da shi, a tsayar da shi cikin injin matsa, a yi ta danna shi har ya murƙushe, a rubuta nauyin da ya murƙushe shi. Dabarar ta yi amfani, sai dai tana cin lokaci, kuma tilas a sare shukar kafin a auna ta.

Hanya ta biyu ita ce huda. Akwai wata 'yar na'ura ta hannu mai allura a baki da ma'auni a jiki. Mai awo zai soka allurar a ɓawon kara yana tsaye a gona, ma'aunin ya nuna ƙarfin da aka sa kafin ta shige. Da yake shukar ba ta mutuwa, ana iya zaɓen waɗanda ɓawonsu ya fi tauri a ɗebi iri daga gare su. A Misuri an yi shekaru ana irin wannan zaɓe, aka kuwa sami masara mai taurin ɓawo. Amma allura labarin ɓawo kaɗai take bayarwa, ba ta san kauri ko tsawo ba.

Hanya ta uku ita ce lanƙwasa, wadda ta fi kama da abin da iska ke yi. A ɗora kara a kwance bisa matokarai biyu, a danna tsakiyarsa sannu a hankali har ya karye. Abu biyu ake rubutawa: yawan lanƙwasar da ya yi a ƙarƙashin kowane nauyi, wannan shi ne taurinsa, da kuma nauyin da ya karya shi, wannan shi ne ƙarfinsa. Lissafin ba wuya: a ninka nauyin da tazarar da ke tsakanin matokaran, a raba gida 4. Misali, in tazarar santimita 60 ce, karan kuma ya karye a kilo 12, to 12 sau 60 ya ba da 720, a raba 4 ya zama 180. Da wannan lamba za a gwada shi da wani karan, ko da an auna wancan da wata tazarar dabam.

A nan akwai wani darasi mai ban sha'awa. Wasu injiniyoyi biyu, Douglas Cook da Daniel Robertson, sun dubi karyayyun karan masara kamar yadda ake binciken gadar da ta rushe. Suka tarar mafi yawansu lotsawa suke yi su naɗe, kuma kusa da gaɓa abin ke faruwa. A shekarar 2014 suka nuna cewa yadda aka saba yin gwajin lanƙwasa akwai kuskure a ciki: in aka ɗauki ɗan gajeren kara aka danna shi a tsakanin gaɓa da gaɓa, bakin injin ne ke fasa ɓawon tun karan bai kai iyakar ƙarfinsa ba, sai a sami lambar da ta gaza gaskiya. Gyaran shi ne a ɗauki dogon kara, a sa matokarai a kan gaɓoɓi, a kuma danna a kan gaɓa. Da aka yi haka sai karan ya riƙa karyewa irin yadda yake karyewa a gona. Ashe ba mallakar ma'auni ne kaɗai awo ba, sai an san inda za a ɗora shi.

Binciken nasu ya ƙara nuna abu biyu. Ɗaya, taurin kara yana nuna ƙarfinsa, watau ana iya ɗan lanƙwasa shi a sake shi, a san ƙarfinsa ba tare da an karya shi ba. Biyu, siffar kara, wato kaurinsa da kaurin ɓawonsa, ita ce ta fi yanke hukunci a kan ƙarfinsa. A shekarar 2019 suka bayyana wata na'ura mai suna DARLING wadda ake shiga gona da ita. Tana da faranti da mai awo zai taka da ƙafa, da sanda mai juyawa wadda ke tura karan yana tsaye a kan saiwarsa, na'urar kuma tana rubuta ƙarfin turawa da yawan karkacewa har zuwa karyewa. Mutum ya zama shi ne iskar, amma iska mai riƙe da alƙalami.

Kowace hanya aka bi, akwai sharuɗɗa. Ɗanyen kara da busasshe ba ƙarfinsu ɗaya ba, don haka tilas a auna su a lokaci guda na girmansu. Karan masara kuma ba kewayayye ne sosai ba, yana da ɗan faɗi ta gefe guda, saboda haka ɓangaren da aka danna yana sauya lamba. Kara ɗaya kuwa ba ya wakiltar gona, sai an auna da yawa an ɗauki matsakaici.

YADDA GAJEREN KARA YA CIYAR DA ASIYA

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wasan masana ne kawai. Tsofaffin irin alkama da shinkafa dogaye ne sirara. In aka ba su takin zamani sai su ƙara tsawo, kai ya yi nauyi, su zube ƙasa, taki ya koma hasara. A ƙasar Jafan akwai wata gajeriyar alkama mai suna Norin 10, wadda aka fitar a 1935. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kai ta Amurka, daga nan jininta ya isa hannun Norman Borlaug a Meziko, wanda ya haɗa ta da irin da yake aiki a kansu, aka fitar da gajerun alkama a 1962. A 1966 Indiya ta sayi tan 18,000 na irin alkamar Meziko. Alkamar da take nomawa ta tashi daga wajen tan miliyan 12 a 1965 zuwa tan miliyan 20 a 1970, shekarar da aka ba Borlaug lambar Nobel ta zaman lafiya. Haka kuma a 1966 Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke ƙasar Filifin ta fitar da IR8, gajeriyar shinkafa mai taurin kara. Babban sirrin duka biyun shi ne kara da ke iya ɗaukar abin da taki ya ɗora masa.

NAMU KARAN BA SHARA BA NE

To, sai mu ce mu ma a gajarce mana kome mu huta? A nan ne nake roƙon a yi hattara. Manomin Amurka, in ya girbe masararsa, yawanci a gona yake barin karan. Mu kuwa kara amfanin gona ne na biyu. Da shi ake danga, da shi ake rufi da gadon kara, shi ne makamashin uwargida a inda itace ya yi tsada, shi da karmami ne abincin dabbobi da rani, har kasuwa ake kai shi dami-dami. Shi ya sa dawarmu ta gado, Kaura da Farafara, dogaye ne da kan haura mita 3. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda ta soma a 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta fitar da iri masu matsakaicin tsawo, irin su gajeriyar Kaura da ake kira SK 5912. Duk da haka har yau manoma da yawa ba su saki dogayen ba, kuma ba jahilci ne ya hana su ba, lissafi ne.

Bugu da ƙari, masu bukatar karan ba bakinsu ɗaya ba. Mai danga yana son mai tauri. Mai kiwo yana son mai laushi, domin liginin da ke ƙarfafa kara shi ne kuma ke hana tumbin dabba narkar da shi. Akwai irin dawa mai ƙarancin liginin, wadda jijiyar tsakiyar ganyenta ruwan ƙasa ce, dabbobi sun fi amfana da ita, amma masana suna sa mata ido wajen faɗuwa. Ina mafita? Lissafin kauri da muka yi a baya ya nuna hanya: ana iya neman ƙarfi ta wajen siffar kara, ba lalle sai ta ƙara masa taurin da zai gagari dabba ba. Amma mai fitar da iri ba zai san ya dace ba sai ya auna. Abin da muke bukata shi ne kara dogo daidai bukatarmu, mai kaurin gindi, wanda aka tabbatar da ƙarfinsa da lamba.

AMSAR BAFFA

Iri mai kyau ma yana iya faɗuwa in an ɓata masa reno. Abu huɗu ne suka fi raunana kara. Na ɗaya, cunkoson shuka: in tsirrai suka matsu, sai su yi ta tseren neman rana, su yi tsawo su sirance. Na biyu, yawan takin yuriya ba tare da isasshen sinadarin fotash ba, wanda ake samu a takin kamfa da toka: ganye ya yi kore shar, kara ya yi lagwani. Na uku, fari ko cutar ganye lokacin da ƙwaya ke cika: shukar takan kwashe zaƙin da ta ajiye a kara ta kai wa ƙwaya, totuwa ta mutu, cutar ruɓa ta shiga. Na huɗu, tsutsar kara, wadda ke huda ɓawo ta yi rami a totuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Ita wannan tsutsa a cikin busasshen kara take yin rani, watau a dangarmu da tarin karan da ke bayan gida, in damina ta kama ta zama malam-buɗe-littafin dare ta koma gona ta yi ƙwai. A 1980 masana biyu na Samaru, Adesiyun da Ajayi, sun ba da rahoton cewa babbaka karan dawa sama-sama da zarar an gama girbi yana kashe kashi 95 cikin 100 na tsutsar, karan kuma bai lalace ba wajen aikin gini ko girki.

Da na sake komawa gida muka zauna da Baffa na zayyana masa waɗannan. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Yuriya kam na zuba, kamfa ce ta yi mini tsada. Shukar ma na matse ta, don ina son in cika rumbu." Muka jawo kara daga tarin da ya ajiye muka tsattsaga, ga ramukan tsutsa nan baƙi ƙirin. Ya ce, "To, ɗana, ashe iskar ba ta yi zalunci ba, abin da ta tarar ta bayyana."

Ga wani awo da kowane manomi zai iya ba da ko kwabo ba, wanda malaman gona a Amurka ke koya wa manomansu. In masara ta kusa ƙosawa, ka zaga gonarka ka zaɓi shuka 100 daga wurare daban-daban. Ka matsa gindin kowace da yatsa biyu, ko ka tura ta daga daidai goyo har ta karkata sosai, ka saki. Wadda ta lotse ko ta karye, ka ƙirga ta. In sun wuce 10 zuwa 15, to wannan gona ita za ka fara girbewa, kada ka bar ta ta bushe a tsaye.

Ina kuma kira ga malaman kimiyya na makarantun sakandare. Kujeru biyu, da igiya, da bokiti sun isa gwajin lanƙwasa. A ɗora kara a kan kujerun, a rataya bokiti a gaɓar tsakiya, a riƙa zuba ruwa lita-lita, tun da lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, har ya karye, a haɗa da nauyin bokitin. Yara su gwada Kaura da Farafara, su gwada mai ramin tsutsa da lafiyayye. Gani ya kori ji.

A ƙarshe, ga roƙona ga cibiyoyin bincikenmu da kamfanonin iri da hukumomin da ke ba da izinin fitar da sabon iri. Ana gaya mana yawan buhunan da iri zai bayar da kwanakin da zai yi kafin ya nuna, wani lokaci a ƙara da cewa yana jure faɗuwa. Muna so a riƙa auna wannan juriya, a faɗa mana lambarta, a kuma faɗi tsawon karan da kaurinsa, domin manomi ya zaɓa da idonsa a buɗe. Buhun da aka yi alkawari a takarda ba ya shiga rumbu sai kara ya riƙe shi har ranar girbi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfaninmu. Sai mun sadu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.